Makahon Dodo a Bayan Kihaci

Tun da asuba jikina ya ba ni ranar ba za ta ƙare lafiya ba. Kwana arba'in ba a yi ruwa a birnin Edo ba, iska kuma ta kwana tana jijjiga allunan rufi kamar mai neman wanda ya ɓuya. Mu mutanen unguwar Kanda, in irin wannan iska ta taso, ba ma kwance ƙullin kayanmu. Ɗana Kihaci yana ɗaura takalmi a bakin ƙofa na ce masa, "Yau dai kada ka yi nisa." Ya ce, "To, Baba," irin to ɗin da ake yi wa tsoho don ya yi shiru. Da na san abin da za a ɗora masa kafin rana ta faɗi, da na zauna a kan takalman nan na ƙi tashi.

Sunana Mosuke, sana'ata haɗa guga da bahon katako. Karatuna bai wuce na rubuta suna a gindin guga ba, saboda haka mai karanta wannan ya yi haƙuri da ni. 'Ya'ya huɗu muka haifa, Kihaci kaɗai ya tsaya. Shi ɗin ma da ya girma sai ya shiga ƙungiyar masu kashe gobara ta unguwarmu, har aka ba shi tuta. Mai tuta shi ke hawa rufin da wuta ta nufa ya kafa sandarsa, abokansa na ƙasa suna rushe gidajen da ke gabansa da ƙugiya don wutar ta rasa abin ci. Ba ya sauka sai wuta ta tsaya ko rufin ya rufta da shi. Wannan aikin aka ba ɗana ɗaya tilo, maƙwabta suka zo yi mini murna.

Shekara biyu kafin wannan rana ya fara jarfa a baya, ta dodon ruwa, irin ta 'yan ƙungiyarsu. Mun yi faɗa a kanta ba kaɗan ba. Na ce uwarka ta haife ka fatarka ba ko ƙwarzane, ka kai wa wani yana huda ta da allura. Ya ce dodon nan shi ke da girgije da ruwan sama, wuta ba ta cin wanda ke goye da shi. Na ce jiƙaƙƙiyar riga ta fi shi amfani. Daga ranar na canja lokacin zuwana gidan wanka don kada mu haɗu. Shekara biyu ban kalli bayan ɗana ba.

Rana ta ɗan karkata ƙararrawar gobara ta fara bugawa, bugun nan na sauri da ke nufin a kusa ne. Wutar ta tashi daga tarin ciyawa a bayan shagon mai tabarma, iska ta ɗauke ta. Gida goma sha ɗaya ta ci. Na tsaya a bakin titi da guga a hannu wanda ban san na ɗauko ba, ina kallon Kihaci a kan rufin mai shinkafa, hayaƙi na rufe shi yana buɗe shi, yana jujjuya tutar don tartsatsi kada ya kama ta. Gashin kansa ya babbake, tafin hannunsa ya tashi. Wuta ta zo gefen rufin ta tsaya. Ba wanda ya mutu.

Da aka sauko da shi mutane a kafaɗa suka ɗauke shi. Kafin la'asar ta yi sanyi, mutanen nan ne dai suka buɗe hanya dogarin hukuma ya wuce da shi ɗaure da igiya.

Abin da ya jawo haka shi ne bakin Iya Otane mai awara. Ta ce tana zubar da ruwan waken ta a lungu, kafin hayaƙi ya yi yawa, ta ga namiji ba riga, fuska naɗe da tsumma, yana kutsawa ta tsakanin rumbun mai tabarma da katanga, da dodon ruwa a bayansa. Wani ya tuna cewa Kihaci ya riga kowa isowa. Wani ya ce bai je wurin aiki ba da safe. Da dogari ya ɗaga rigarsa sai ya ga sabon sarar allura a kafaɗa, yana tsatsar ruwa. A shekarar kuwa hukuma ta sake hana jarfa. Dogari ya ce, "In wurin mai allura kake, faɗi sunansa da gidansa, ya zo ya shaida." Kihaci ya dubi ƙasa ya ce ya manta.

Kowa a Edo ya san hukuncin mai kunna gobara. Wuta ake sa masa.

Washegari a bakin rijiya ba wanda ya amsa gaisuwata sai sama-sama. Na ji matar mai fitilun takarda tana cewa ai dama su suke kunnawa, don su hau rufi 'yan mata su gan su. Ɗanta Rinta, abokin Kihaci tun suna rarrafe, ya daka mata tsawa. "Inna, rufe bakinki! Kihaci ba zai yi ba!"

Wani daga cikin masu ɗiban ruwa ya ce, "Kai Wutsiya, kai da ba ka iya kwana ɗaya a ƙarƙashin allura ba, me ka sani a kan maza?"

Aka kwashe da dariya. Rinta ya taɓa zuwa a yi masa dodo shi ma, don ƙungiya ta karɓe shi. An zana wutsiyar a ƙugunsa, ya tashi ya ce zai zaga bayi, bai koma ba. Sunan ya bi shi shekara uku. Ya ɗauki gugansa ya tafi, ni kuwa na ji daɗi a raina cewa ko mutum ɗaya ya tsaya wa ɗana.

Daga nan na wuce wurin Gonroku. Tsohon maharbi ne daga duwatsun arewa, ya yi shekara talatin yana bin sawun dabba a cikin ƙanƙara kafin gwiwa ta sauko da shi birni. Maganin ciwon ciki yake sayarwa, amma in abu ya ɓace ko an tsallaka katanga, shi mai unguwa ke aikawa a kira.

Ya dube ni daga sama har ƙasa. "Ba kai ne mai guga ba? Wanda ka sayar mini bara yana yoyo."

"Ka bar shi a rana ne, Tsoho."

"Ashe kana da baki. An ce mini tun jiya kuka kake." Ya lalubo sandarsa. "Zan duba. Amma ka ji da kyau, ni sawu nake bi. In ya kai ni ƙofar gidanka, nan zan tsaya in faɗa."

Na ce na yarda.

A bayan shagon mai tabarma ba abin da ya rage sai toka da rumbun ƙasa, wanda wuta ba ta ci. Gonroku bai kula da inda mutane suka tattaka ba. Ya durƙusa a gindin katanga, yana share toka da fiffiken kaza a hankali, kamar mai share fuskar jariri. Can ya kira ni.

"Mai guga, zo ka yi aikinka. Mene ne wannan?"

Zobe biyu ne a cikin ƙasa, gefe da gefe. Na ce gindin guga ne, kuma cike suke da aka ajiye su, don sun nutse sosai.

"A ƙarƙashin toka suke, ba a samanta ba," in ji shi. "An ajiye su kafin wuta ta tashi. Ka taɓa jin mai son ƙona unguwa ya zo da ruwansa?"

Ban taɓa ji ba. Na ce masa kuma ɗan ƙungiya ba ya tunkarar gobara da guga biyu, ƙugiya yake ɗauka. Ya yi gyaran murya ya miƙe.

Sai ya shiga ɗan tsukin da ke tsakanin rumbu da katanga, a karkace, don ba ya ɗaukar mutum a miƙe. Ya tsaya a tsakiya ya daɗe. A kan farin shafen rumbun, daidai kafaɗar namiji, akwai shuɗin tabo mai tsawon kamu biyu, an goge shi a gicciye. Ya kankaro kaɗan da wuƙa ya ƙulle a takarda.

Dogari yana tsaye a bayanmu ashe. Ya yi murmushi. "Madalla, Tsoho, ka rage mini aiki. Sabuwar jarfa tana tsatsa, ya goga bayansa a bango. Ga tawada nan ta shaida."

Mutumin da na ɗauko da kaina shi ya tono abin da zai ƙona ɗana.

Iya Otane tana matse awara muka same ta. Ta ƙi kallona.

"Ni abin da na gani na faɗa, Mosuke. Yaron nan a bayana ya yi barci yana jinjiri. Kana tsammanin daɗi nake ji?"

Gonroku ya zauna a kan turmi ya karɓi yankan awara ba a ba shi ba. "Iya, dodon nake so ki gaya mini, ba mutumin ba. Yaya yake?"

"Yaya dodo yake? Jikin maciji, ƙaho, gashin baki."

"Sai me?"

Ta ce, "Na faɗa wa dogari ya yi mini dariya, ya ce tsufa ne. Ba zan sake ba."

"Ni na girme ki, ba ni da bakin dariya."

Ta goge hannu a zane. "Kallona ya yi. Idanunsa manya kamar ƙwan agwagwa. Kuma kuka yake. Hawaye na gangarowa daga idon har ƙugu. Na ce a raina, yau ko dodon ruwa ya ga abin da ya fi ƙarfinsa."

Da muka fito Gonroku ya tsaya a tsakiyar lungu. "Dodon ɗanka, yaya idanunsa suke?"

Na kau da kai ina kallon katanga.

"Kai nake tambaya."

"Ban sani ba. Ban taɓa gani ba."

Ya daɗe yana kallona. "Gida ɗaya kuke kwana?"

A rayuwata ban ji kunya irin ta wannan tsayuwar ba.

Kuskuren da ya biyo baya nawa ne. Na kwana ina juya shuɗin tabon nan a kaina, da safe na furta a bakin rijiya cewa ai shuɗi a lungunmu na mutum ɗaya ne, Sahei marini, wanda kowa ya san ya yi shekara yana rigima da mai tabarma a kan magudanar ruwa. Kafin in dawo da guga gida mutane sun cika ƙofar marina da sanduna. Waɗanda gidajensu suka ƙone ba sa zaɓen wanda za su daka.

Gonroku ya ratsa su da sandarsa. Sahei ya fito yana zagi, ya tuɓe riga ya juya musu baya. Fari fat, ba ko ɗigo. Hannuwansa ne kawai shuɗaye har gwiwar hannu, kamar kullum.

"Ga dodon nan, ku kalla ku ƙoshi! Ranar gobara ina bakin kogi ina ɗauraye yadi da mutum shida. Mosuke, shekara ashirin ina sayen bahonka mai tsada, da wannan za ka saka mini?"

Na durƙusa na sa goshi a ƙasa a gaban kowa. Gonroku ya bar ni a haka, ya buɗe takardarsa ya miƙa wa Sahei. Sahei ya shinshina, ya lasa, ya tofar.

"Wannan bai ga tukunyar rini ba. Da danƙo aka dama shi. Na masu zane a takarda ne."

"Masu mafici, masu laima, masu fitila," in ji Gonroku. "Rabin lungun nan ke nan. Tashi, mai guga. Daga yau in bakinka ya yi ƙaiƙayi ka cusa masa shinkafa."

'Yan ƙungiya duk sun ƙi faɗin sunan mai allura, har shugabansu. Gonroku bai matsa musu ba. Ya ce in ɗauko takalman da Kihaci ya sa ranar, waɗanda dogari ya jefo mana. Ya kankare ƙasan ciyawar ya sami jar laka a ƙarƙashin toka, ya ce a wannan fari wuri ɗaya ne ke da danshi da jar ƙasa, kwatar bayan ɗakin bauta na masu katako. Muka bi kwatar ƙofa ƙofa, yana tafiya yana ɗaga hanci. A wata ƙofa mai allon mai sassaƙa hatimi ya tsaya ya ce yana jin ƙamshin tawada da ya fi ƙarfin hatimi.

Mai gidan tsoho ne siriri, sunansa Kumazo. Da na faɗi ko ni wane ne, sai ya ajiye wuƙarsa.

"Kai ne uban da ba ya kallo."

"Ni ne, Malam."

"Ɗanka ya kwanta mini sau tamanin da wani abu, bai taɓa cewa wash ba. Ranar gobara yana nan tun hantsi, allurata na cikin kafaɗarsa aka buga ƙararrawa. Ya tashi da jini ya fita a guje, ko gogewa ban yi ba."

Na ce to don me ya ƙi faɗa. Ya ce wanda aka yi wa jarfa ba ya kai mai allurarsa gaban hukuma, ko da kansa zai tafi. Haka suka gada.

Gonroku ya buɗe takardar. "Dogari ya ce wannan daga sabon sararka ya fito."

Kumazo ya duba, ya yi wata gajeriyar dariya. Ya jawo dutsen tawada, ya zuba ruwa, ya goga busasshiyar tawada a kai, ya ɗiga a farar takarda kusa da ɓarɓashin. Baƙi ƙirin.

"Da me kuke tsammani muke yi? Baƙin hayaƙi ne, shi kaɗai. Sai ya shiga ƙarƙashin fata ya kwana biyu, sannan fatar ta mai da shi shuɗi. Sabon sara baƙi yake tsatsa, da jini. Tsohon sara kuwa ko da dutse ka goge ba ya fita. Wanda ya dama wannan shuɗin, daga nesa ya saba ganin dodo, a gidan wanka ko a kan rufi."

Gonroku ya ce, "Idanu fa?"

"Ido shi ne ƙarshe. Ranar da aka sa wa dodo ido ranar yake farkawa, ba a taɓa shi sai komai ya kammala. Na Kihaci saura wata biyu."

Na ce ko zai zo ya faɗi haka a gaban dogari. Ya dubi hannuwansa. Ya san abin da za a yi musu. Bai ce zai zo ba, bai ce ba zai zo ba.

A hanyar komawa Gonroku ya tsaya wurin mai gidan wanka na lungunmu, ya tambaye shi abu ɗaya: tun ranar gobara, cikin mazan da ke zuwa kullum, wa ya daina zuwa? Mai gidan wanka ya raɗa masa a kunne. Na tambaya, ya ce in cusa wa bakina shinkafa.

A rana ta biyar, da hantsi, kafin a buɗe wa jama'a, mai unguwa ya tara mu a ɗakin tuɓe kaya na gidan wanka. Dogari ya kawo Kihaci da igiya a ƙugu, hannuwansa naɗe da tsumma. Akwai 'yan ƙungiya huɗu masu dodo, da Sahei, da Iya Otane, da mazan lungu masu sana'ar zane, Rinta a can baya kusa da ƙofa.

Gonroku ya sa aka kawo ruwan zafi da farin ƙyalle. 'Yan ƙungiya suka tuɓe, ya goge bayan kowa da ƙarfi har wani ya ce, "Tsoho, dodo kake nema ko fata?" Ƙyallen ya fito fari. Dogari ya ce wannan ba komai ba ne, nasu tsoho ne, na Kihaci sabo.

Sai aka ja ƙofa. Kumazo ne, da dutsen tawada a hannu. Kihaci ya ce, "Malam, koma gida!" Tsohon bai ko dube shi ba. Ya faɗi sunansa da sana'arsa a gaban dogari, ya faɗi inda Kihaci yake da aka buga ƙararrawa. Ya ɗaga ɓawon sarar kafaɗar da farce ya danna ƙyalle. Baƙi da ja. Ya ajiye shi kusa da shuɗin ɓarɓashin bango, ya ce kowa ya zo ya duba.

Gonroku ya ce, "Iya, zo ki gaishe da dodonki."

Aka juya Kihaci, bayansa ya fuskance mu. A nan na fara ganinsa. Ya taso daga ƙugu cikin igiyar ruwa, ya naɗe haƙarƙari, ya kutsa girgije, kansa ya fito tsakanin kafaɗu, farce uku a kowace ƙafa, kowane ɓawo na jikinsa an bi shi ɗaya bayan ɗaya da allura. Ni mai aikin hannu ne, na san aiki in na gani, na kuma san abin da mutum ya haɗiye kafin a kai nan. Inda idanu za su zauna kuwa, fata ce fara, gurbi biyu.

Iya Otane ta matso har hancinta ya kusa taɓa shi. "Wannan makaho ne," in ji ta. "Nawa kallona ya yi." Sai ta fashe da kuka ta kama ƙafar Kihaci.

Gonroku ya jingina da sandarsa ya yi magana a hankali. Ya ce wanda ya kunna wutar ya kawo ruwa guga biyu ya ajiye, don ƙaramar wuta ya so, wadda zai kashe da kansa mutane su taru su gan shi ba riga. Ya ce dodonsa na danƙo da shuni ne, zafi da gumi suka narka shi, shi ne hawayen da Iya ta gani. Ya ce shuni in ya kama fata ba ya sakinta a kwana biyar, kuma akwai namiji ɗaya a lungun nan da tun ranar bai tako gidan wanka ba.

Bai kira suna ba. Ba wanda ya juya ma, sai muka ji Rinta ya ce, "Ya isa, Tsoho." Ya kwance ɗamararsa da kansa. Bayansa ya yi ja ya ƙuje saboda gurza da ciyawa, shuɗin na nan dishi-dishi kamar hayaƙi. A ƙugunsa kuwa ga 'yar wutsiyar nan, ita kaɗai ta ƙi goguwa.

"Rana ɗaya kawai na so," in ji shi. "Rana ɗaya a ce ga Rinta, ba Wutsiya ba. Iskar ce ta..." Ya dubi Kihaci. "Da an kai ka wurin wuta da na fito. Na rantse da na fito."

Kihaci ya ce, "Na sani." Ni ban sani ba, har yau ban tabbata ba.

Dogari yana sauya igiya daga ƙugun wannan zuwa na wancan, Gonroku ya ce, "Saura abu ɗaya. Ba mai zana bayansa da kansa. Wa ya riƙe maka alƙalami?"

Rinta ya ce, "Ni na yi."

Abin da aka yi wa Rinta ba zan rubuta ba. Kwana tara 'yan hukuma suna tambayarsa, da duk irin tambayar da suke yi, amsarsa ɗaya. Da labari ya zo, Kihaci ya daɗe zaune a bakin ƙofa, sannan ya ce, "Baba, wanda muka ce bai iya jure allura ba." Tun daga ranar ba wanda ya sake kiran sunan nan na tsokana a lungunmu.

An sa wa Kumazo ankwa a hannu kwana talatin, a gidansa. 'Yan ƙungiya suka riƙa ba shi abinci a baki bi da bi, ni ma na karɓi kwana uku, na kuma haɗa masa baho sabo. Da aka cire ankwar, hannunsa ya daina rawa, ya ƙarasa girgijen da ya rage, sai ya aiko a ce ranar ido ta zo. Kihaci ya tsaya a bakin shagona yana sosa ƙeya.

"Baba, Malam ya ce yana son mai goga masa tawada. In ba ka da aiki."

Aiki ya yi mini yawa ranar. Na rufe shago na bi shi. Na durƙusa na goga tawadar a kan dutse har Kumazo ya ce ta isa, na ga allura ta shiga gurbin dama, sannan na hagu. Ɗana bai motsa ba. Ni ne na ce wash, suka yi mini dariya su biyu. Da aka goge jinin, dodon ya dube ni, ni ma na dube shi, na ce masa a raina: na ba ka amanarsa a kan rufi.

Har yanzu in an buga ƙararrawa hankalina yana tashi, har yanzu kuma nakan jiƙa masa riga kafin ya fita. Amma na koma zuwa gidan wanka a lokacinsa, ni nake cuɗa masa baya, in baƙo ya tsaya yana kallo nakan ce masa ɗana ne.

Gonroku ya koma sayar da maganinsa. Na taɓa tambayarsa ko ya bi ɗayan sawun, na wanda ya yi wa Rinta zane, ya ce alƙalami ba ya barin sawu a ƙasa. Gidan su Rinta mutum huɗu ne ke zana fitila, ubansa da uwarsa da yayarsa da matarsa, kuma kafin kaka suka tattara suka bar Kanda. Ko wanda ya zana dodon ya san abin da za a yi da shi, ko kuwa tausayi ne kawai ya sa ya ɗauki alƙalami, ba mu sani ba. Wanda ya zana shi ma har yau ba a san ko wane ne ba.